Muna so naƙasassu su halarci bikin finafinanmu, kuɗinmu kaɗan ne: daga ina za mu fara?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi, sakataren kwamitin da ke shirya bikin baje kolin finafinai na kwana uku a ɗaya daga cikin jihohin Arewa. Ya ce: "Malam, a bana muna so makafi da kurame da guragu su halarta. Mun riga mun yi magana da kafinta zai yi mana gangaren katako a ƙofar zaure, kuma muna tunanin ware ranar ƙarshe ta zama ranar masu buƙata ta musamman, shiga kyauta. Kasafinmu ba shi da yawa. Me ya rage mana?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Tun da ka tambaya tsakani da Allah, ni ma ba zan ɓoye maka ba: abin da ya rage ya fi abin da kuka yi yawa, amma mafi yawansa ba kuɗi yake ci ba, lokaci yake so. Abu biyu ne ke yanke hukuncin ko naƙasasshe zai ji daɗin bikinku ko zai koma gida da takaici, wato zauren da kuka zaɓa da kuma sharuɗɗan da kuka gindaya wa masu kawo finafinai. Dukkansu ana gama su ne watanni kafin a buga fosta. In an kuskure su, duk abin da za a yi a ranar buki faci ne kawai.

Kafin mu je can, ina roƙonku ku janye maganar ware rana. Na san da kyakkyawar zuciya kuka kawo ta, amma ka duba. Makahon nan yana da mata, yana da abokai, yana sauraron rediyo, ya ji ana ta zancen fim ɗin da za a buɗe biki da shi ranar Juma'a da daddare. Shi yake so ya gani, tare da mutanensa, a daren da jarumai za su zo. In kuka ce masa ya jira Lahadi, kun gaya masa ke nan bikin gaske na wasu ne. Irin wannan rana kuma, mun sha gani, takan rikiɗe ta koma taron rabon atamfa da shinkafa, a ɗauki hoto da babban baƙo, a watse ba a ma kalli fim ɗin ba. Ku buɗe musu kwanakin uku gaba ɗaya. In rangwame za ku yi, ku yi shi inda yake da ma'ana: tikitin ɗan jagora ko mai tura keke ya zama kyauta, domin shi aiki ya kawo shi. A Ingila ma haka gidajen sinima suke yi, akwai kati na musamman da ke ba mai rakiya damar shiga ba tare da biya ba.

Kuma wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiyar da ta nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta ce a layi a fara sallamar naƙasasshe. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ambaci finafinai da gidajen sinima ƙarara a sashe na 30. Gaskiya ne aiwatar da dokar yana tafiyar hawainiya, amma ka riƙe waɗannan a hannu, za su yi maka amfani ranar da mai zaure ya ce ba za a taɓa masa ƙofa ba.

Mataki na farko, tun kafin kafinta ya sayi ƙusa, ku nemo masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, kurame da makafi kowanne da tasa ƙungiyar, ga kuma sarautun gargajiya irin su sarkin makafi da sarkin guragu waɗanda maganarsu ke isa inda sanarwar Facebook ba ta zuwa. In kuna kusa da Kano, makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki tana da malamai da tsofaffin ɗalibai da suka san harkar. Ku ɗauki mutum uku ko huɗu, a cikinsu lallai a sami mace, ku sa su cikin kwamiti, ku biya su kamar yadda za ku biya mai sauti da mai hoto. Sai ku tafi da su zauren da kuke shirin kamawa, ku bi hanyar da baƙo zai bi tun daga inda adaidaita sahu zai sauke shi.

A nan ne za ka ga gangaren ƙofa ƙaramin abu ne. Tsakanin titi da ƙofar akwai kwata? Akwai yashi ko tsakuwa da taya ke nutsewa? Shi kansa gangaren yana da lissafi: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowacce sun kai 45, ke nan gangaren zai kai mita 5 da santimita 40. Abin da kafintoci suka saba yi shi ne su jingina katako mai mita biyu, wanda ko ƙato ne ke tura keken sai ya yi nishi, saukowa kuma hatsari ne. A yi masa faɗin da bai gaza mita 1 da santimita 20 ba, a sa masa baki a gefe don kada taya ta zame, a bar fili shimfiɗaɗɗe a samansa inda mutum zai tsaya a buɗe ƙofa. Ƙofar kanta kada ta gaza santimita 90.

Wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne irin kekunan da mutanenmu ke hawa. Da yawa daga waɗanda shan inna ta taɓa ba kujera mai taya suke amfani da ita ba, keken guragu ne mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, ya fi tsawo, kuma ba ya juyawa a ƙaramin fili. Wasu sukan ajiye shi a waje su shiga da rarrafe. Saboda haka kuna buƙatar wurin ajiye kekuna kusa da ƙofa da mai gadi a kai, da daɓe mai tsabta wanda ba a jiƙe yake ba. Wannan ya kai mu bayan gida, inda yawancin zaurukanmu ke faɗuwa. Mutumin da ke tafiya da hannuwansa ba zai shiga bandakin tsuguno mai ruwa male-male ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙi cin komai, ya ƙi shan ruwa tun safe, ko ya tafi kafin a kai rabin shiri. A sami aƙalla bandaki ɗaya na zama, mai faɗin da keke zai juya, kimanin mita ɗaya da rabi, da ƙarfen riƙewa a bango, kada kuma a mai da shi sito ko a kulle makullin ya tafi da manaja. Wurin alwala da inda za a yi salla su ma a duba su da wannan idon.

In zauren a saman bene yake, ku nemi wani. Kada ka yarda da "akwai lifta" sai ka tambaya ko tana kan janareta. Kada kuma ka yarda da "ai samari za su ɗauke su". Ɗaukar babban mutum cak a gaban jama'a, balle matar aure, ba mafita ba ce, kuma in gobara ta tashi waɗannan samarin kowa ta kansa zai yi. A cikin zaure, kada a jera masu keke a gaban allo suna ɗaga wuya har awa biyu. A cire kujeru a wurare biyu ko uku, tsakiya da gefe, kowane gurbi da kujerar ɗan rakiya a kusa.

Yanzu ga inda na fi so ka ba ni hankalinka, wato kurame da makafi, domin su ko an shimfiɗa musu jan kafet har kujera, in fim ɗin bai zo da abin da suke buƙata ba, zaman banza suka yi.

Masu shirya finafinan Hausa za su ce maka ai fim ɗinsu yana da sabtaitul. Wannan fassarar Turanci ce da aka yi don mai ji wanda ba ya jin Hausa. Kurma yana buƙatar fiye da haka. Yana buƙatar a rubuta masa cewa an ƙwanƙwasa ƙofa, an yi sallama daga waje, waya tana ƙara, an kira salla, kiɗa ya sauya zuwa na fargaba. In mai magana ba ya cikin hoto, a sa sunansa. Ka ɗauki fitowar da mata ke waya a ɗaki, sai ta ji tsayuwar motar maigida ta yi firgigit ta ɓoye wayar: wanda bai ji motar ba, gani zai yi kawai ta razana ba dalili. Sannan waƙa. Sau da yawa da an fara waƙa rubutu sai ya ɗauke, alhali a finafinanmu cikin waƙar ake faɗin abin da baki ya kasa faɗa. A rubuta baitocin. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya: layi biyu kawai a lokaci guda, kowane layi kada ya wuce harafi 42, rubutu fari ko rawaya mai baƙin gefe, a bar shi ya daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. Akwai manhajoji na kyauta irin su Subtitle Edit da Aegisub, ɗalibi mai kwamfuta zai koya cikin mako guda. Abu ɗaya da ke ba mutane kunya a ranar nuni shi ne haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su fito kamar akwatuna. A adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, wanda ke gane waɗannan haruffan, a gwada shi a kan ainihin kwamfutar da majigin da za a yi amfani da su.

Da wane harshe za a rubuta? Kada ku yanke da kanku. Kuramen da suka yi makaranta da yawansu sun fi sakewa da karatun Turanci, domin da shi aka koyar da su. Wanda ya kurumce da girma, bayan sanƙarau ko tsufa, Hausa zai fi so. Akwai kuma waɗanda ba su yi boko ba sam, rubutu kowane iri ne ba zai amfane su ba, sai tafinta. Ko a tafintan ma akwai rabe-rabe. Yaren hannu na makaranta ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar aikin Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Maganar hannu ta Hausa kuwa daban take, ta girme shi, ita kuramen kasuwa da unguwa ke yi a Kano da kewaye, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike mai zurfi a kanta. Tafintan da ya iya ta makaranta kaɗai zai iya tsayawa awa guda yana aiki rabin kuramen zauren ba su gane ba. Ku bar ƙungiyarsu ta zaɓo wanda suke fahimta. Ku ɗauki biyu, suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, domin aikin yana gajiyar da ƙwaƙwalwa. A haska su da ƙaramar fitila ko an kashe wutar zaure, su tsaya kusa da mai magana, a kuma ba su jadawali da sunayen baƙi tun kafin ranar.

A ƙasashen da suka yi nisa akwai na'urorin da ake maƙalawa a hannun kujera ko tabarau da ke nuna wa mutum ɗaya rubutu. Amurka ta wajabta wa gidajen sinima na dijital samar da su tun 2018. Kada ku sa ranku a kansu. Suna da tsada, batir yana mutuwa, kurame da yawa a can ma ba sa son su. A Janairun 2023, a bikin Sundance, wanda yana cikin manyan bukukuwan fim na duniya, alƙalan gasa uku sun tashi sun bar zaure saboda na'urar da aka ba ɗayarsu, jaruma Marlee Matlin wadda kurma ce, ta ƙi aiki. Rubutun da ke kan allo kowa na gani ba ya mutuwa, ba ya cin ko kwabo, kuma a zaurukanmu masu amsa-kuwwa da ƙarar janareta, masu ji ma za su gode muku.

Makafi kuwa, kada wani ya ce maka me makaho zai yi da fim. Suna bin wasan kwaikwayo a rediyo, suna bin finafinai masu dogon zango a waya, sun san jarumai da murya. Abin da ke kuɓuce musu shi ne abin da ake yi shiru: harara, durƙuso, wasiƙar da aka tura ƙarƙashin ƙofa, hannun da ya barbaɗa wani abu a miya, wanda ya laɓe bayan labule. Maganin wannan shi ne bayanin murya, wato wani ya riƙa faɗin abin da ke faruwa a gurbin da 'yan wasa suka yi shiru. Mu a nan kunnenmu ya riga ya saba da murya a kan fim saboda fassarar finafinan Indiya, sai dai aikin ya bambanta. Mai fassara yana hawa kan magana, yana ƙara gishiri, yana ba da dariya. Mai bayani ba ya taka maganar ɗan wasa, ba ya sharhi, ba ya tona abin da ke gaba. Zai ce "ta murguɗa baki ta juya masa baya", ba zai ce "ta ji haushi" ba, domin mai sauraro yana da hankalin da zai gane da kansa. In rubutu ya fito a allo, kamar saƙon waya ko "bayan shekara biyar", ya karanta. Kafin a fara, ya ɗauki minti biyu ya gabatar da manyan 'yan wasa da kamanninsu da inda labarin ke faruwa.

A manyan sinimomi wannan muryar tana zuwa ne a cikin fayil ɗin fim, a tasharta ta daban, a aika ta zuwa abin sawa a kunne. Ku ba ku buƙatar wannan. A yi shi kai tsaye. A birnin Beijin na ƙasar Sin akwai wani ɗan gidan kallo da aka fara a 2005 inda 'yan sa-kai ke zama da makirfo suna bayyana wa makafi fim, kuma an shafe shekaru ana yi. Abin da za ku ƙara shi ne ƙaramar na'urar watsa FM mai gajeren zango, wadda ba ta wuce zaure. Mai bayani ya zauna a baya inda yake ganin allo, makafi su kama tashar a ƙananan wayoyinsu, tunda yawancinsu suna da rediyo, su sa iyafis a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana jin fim. Ku tanadi ƙananan rediyoyi kaɗan don wanda bai zo da waya ba. Kada ku yi ta kiran WhatsApp ko wata hanyar intanet, muryar takan makara, sai a ji "ya ɗaga hannu" bayan marin ya riga ya sauka. Mai bayanin ya kalli fim ɗin sau biyu ko uku, ya rubuta abin da zai faɗa, ya gwada da makaho ɗaya a gefensa yana gyara masa. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da masu sharhin ƙwallo sukan kama aikin da wuri, in dai an koya musu yin shiru.

To ka ga duk wannan ba zai yiwu ba in furodusa ya kawo fim a filashi ana saura awa biyu a haska. Shi ya sa na ce sharuɗɗan karɓar fim su ne gaba. Ku rubuta a takardar gayyata cewa duk fim ɗin da zai shiga gasa ya iso mako huɗu kafin biki, tare da fayil ɗin rubutun kurame da kwafin rubutaccen labari. Za a yi ƙorafi a shekarar farko, don haka ku ce wanda bai iya ba kwamiti zai taimaka masa. Indiya, wadda finafinanta suka yi mana tasiri fiye da na kowa, ta bi wannan hanyar: a Maris 2024 ma'aikatar watsa labaranta ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta rubutun kurame da bayanin murya ga finafinan sinima, ta kuma sa su cikin sharuɗɗan shiga kyaututtukan fim na ƙasa da bikin finafinai na Goa daga farkon 2025. Furodusa yana son kambu, in kambun ya rataya a kan sharaɗi zai cika shi. Amfanin kuma ba a bikinku zai tsaya ba, domin fayil ɗin zai bi fim ɗin har YouTube.

Sauran a taƙaice. Zabiya da masu raunin gani a ba su kujerun gaba, a buga jadawali da manyan haruffa. In fim yana da walƙiya mai ƙyaftawa da sauri a sanar tun a ƙofa, domin tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwo, haka ma fitilun disko da ake sawa a daren rufe biki. In kuna da fim na yara, ku yi nuni ɗaya da safe da aka rage ƙara, aka bar ɗan haske, aka kuma gaya wa iyaye cewa yaro mai galahanga zai iya tashi ya zaga ko ya yi surutu ba wanda zai harare su.

Sanarwa ma a yi ta yadda za ta isa. Fosta hoto ce, manhajar da ke karanta wa makaho allon waya ba koyaushe take ganin rubutun cikinta ba, sai a maimaita bayanin a rubuce a ƙasa, a yi saƙon murya, a kai rediyo. Kurame a yi musu ɗan bidiyo da maganar hannu. A faɗi ainihin abin da aka tanada, fim kaza ƙarfe kaza yana da rubutu, fim kaza yana da bayanin murya, a sa lambar da ke amsa kira da rubutaccen saƙo. Abin da ba ku da shi kuma ku faɗa, ya fi mutum ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar babu.

Sai masu tsaron ƙofa. Na ga inda aka kashe kuɗi aka gyara komai, gurgu ya iso da katin gayyata a aljihu, mai gadi ya tare shi da "Allah ya ba da haƙuri, ba a bara a nan". Ku tara masu gadi da 'yan sa-kai na awa ɗaya, naƙasassun kwamitinku su koyar da su da bakinsu: a yi wa mutum magana kai tsaye ba ɗan jagoransa ba, kada a taɓa keke ko sanda sai an tambaya, makaho shi zai riƙe hannunka ba kai za ka ja shi ba, kuma kowa ya san wanda zai fitar da wa in an sami matsala.

Kada ku manta da dandamali. In kun yi sa'a akwai darakta ko jarumi naƙasasshe cikin waɗanda za su karɓi kyauta ko su yi jawabi, kuma ya kamata ku neme su da gangan, har cikin alƙalai. Dandamali mai matakala huɗu zai sa a miƙo masa kambunsa a ƙasa. In gangare ba zai samu ba, a sauko da teburin kowa da kowa ƙasa.

Game da kasafi, ga yadda zan jera in ni ne: zaure na ƙasa mai bandaki mai kyau, sai rubutun kurame a kan duk finafinan gasa, sai tafintoci biyu a buɗewa da rufewa da zaman tattaunawa, sai bayanin murya ga fim ɗaya a kowace rana, wanda ya haɗa da fim ɗin buɗe biki. Ku sa kuɗin motar ƙungiyoyin a ciki, musamman na dare, domin mai keken guragu ba ya samun adaidaita cikin sauƙi bayan isha'i. Kafintan kuma ka ce ya dakata tukuna, sai kun auna tsayin matakalar kun ninka shi sau 12.